Halliru Maginin Rijiya da Kifin Dutsen Kwargaba

"Sake hwaɗi, taubashi, mutanen Rabah ba su ji ba," in ji Yusha'u masunci, yana jera bandar kifi a kan tabarma. "Kihi cikin dutse. Gaba goma ƙarƙashin gonad dawa."

"Abin da nig gani shi nic ce," in ji Halliru maginin rijiya.

"Da haƙoran suka gaba, na niƙa baya, dut baki guda?"

"Baki guda."

"Tsage na da na suka. Gaiwa na da na niƙa. Tun ina tsirara nike cikin gulbi, ban taɓa ganin wanda Allah ya haɗa ma biyun ba. Kai da ko tarwaɗa sai an gwada ma inda kanta yake! To ina shi, bawana? Hiddo muna mu gani."

Halliru ya dubi ƙasa. Ya ce, "An jiƙa shi."

Rumfar 'yan kifi ta fashe da dariya.

A kasuwar Wurno aka yi wannan, cikin bazarar 1934. Yusha'u taubashin Halliru ne, kuma ba a fushi da wasan taubashi, ba a kai shi ƙara. Amma maginin rijiya ba shi da komai sai maganarsa. Shi ke tsayawa a fili ya ce akwai ruwa a nan, gari guda ya yarda ya ba da guminsa. Daga wannan rana maganar Halliru ta faɗi, ya yi shekara ashirin da uku yana neman tayar da ita. Ga tarihinsa tun daga farko.

Haihuwa da asali

An haifi Malam Halliru ɗan Mu'azu a garin Wurno cikin shekara ta 1904 Miladiyya, shekara guda bayan Nasara sun shiga Sakkwato, a wani gida da ke yamma da kasuwa wanda har yau ake kira Gidan Magina, ko da yake yanzu babu mai riƙe dagi a cikinsa. Mahaifinsa Mu'azu maginin rijiya ne ɗan maginin rijiya, wanda al'ummar ƙauyukan da ke tsakanin Wurno da Rabah suka daɗe suna shan ruwan hannunsa. Mahaifiyarsa Ma'u 'yar masunta ce daga Goronyo, kuma ta wajenta ne ya sami Yusha'u, ɗan yayanta, wanda ya girme shi da shekara huɗu. Halliru shi ne na uku a ɗakin uwarsa, shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

Karatu da koyon sana'a

An sa shi makarantar allo yana da shekara shida, kamar yadda al'ada ta tanada, ya yi karatu har izu goma sha biyu, kafin yunwar 1914 ta watse makarantar, malamin ya yi ƙaura, karatun ya tsaya a nan. Bai sake komawa ba, amma ya riƙe abin da ya samu, ya yi ibada da shi har ƙarshen rayuwarsa.

A ranin 1916 mahaifinsa ya fara saukar da shi rijiya a Taloka. A nan ya koyi cewa ƙasa ma ana karanta ta. Da farko jar ƙasa, sai marmara mai karya dagi, sai farin dutse, sai wata baƙar laka mai ɓarewa fale-fale kamar ganyen littafi. A cikin lakar nan ake samun wasu 'yan duwatsu masu santsi da sheƙi, waɗansu masu faɗi kamar wake, waɗansu masu tsini kamar ƙayar aduwa. Magina na ce musu waken dutse. Mu'azu yakan ce, "In kag ga wake, ɗamre wandonka, ruwa bai wuce gaba ukku ba." Iyakar amfaninsu ke nan. Ana zubar da su tare da ƙasar rami, mazan gari su tsince su yi dara da su. Ba wanda ya taɓa tambayar ko mene ne.

Zamani ne da magini ke da daraja. In ya sauka a ƙauye, shi ake fara miƙa wa fura. Ba takarda, ba awo. Ya zaga, ya dubi itatuwa da gidan tururuwa, ya kafa dagi, shi ke nan. Ranar da ruwa ya tsattsafo, guga na farko nasa ne: ya sha, ya ce "na daɗi na," mata su rangaɗa guɗa. Waɗanda suka ga wannan sun kusa ƙarewa.

Allah ya yi wa Mu'azu rasuwa a shekara ta 1922, Halliru ya gaji dagi da igiya yana da shekara goma sha takwas. A shekaru tara da suka biyo baya ya gina rijiya ashirin da ɗaya, babu wadda ta ƙi ruwa, babu wadda ta wuce zurfin da ya ambata da fiye da gaba guda.

Aure da iyali

A shekara ta 1926 aka ɗaura masa aure da Laraba, ƙanwar Yusha'u, auren zumunta, aka kawo ta daga Goronyo cikin jirgin yayanta. An shaide ta da tsabta da natsuwa. Matan unguwa sukan ce in Laraba ta tsince wake, makaho ma ya ci da gaba gaɗi. Ita kaɗai ya aura. Sun sami ɗansu na fari, Lawwali, a 1928, sannan sauran suka biyo baya. Yusha'u kuwa duk ranar kasuwa a gidansu yake sauka, ya kawo kifi, ya ci tuwo, ya zagi mai gidan, ya tafi.

Aiki tare da Mai-Guduma

A ranin 1931 wani Bature ya zo ƙasar Wurno tare da masu aikin rijiyoyin siminti. Dogo ne, marar magana, kullum da 'yar guduma a ɗamara, sai aka sa masa suna Mai-Guduma. Da ya ji labarin Halliru ya sa aka kira shi, ya gwada shi a wuri uku, sannan ya ɗora shi a kan sauran magina.

Ba a daɗe ba aka gane ruwa ba shi ne ya fi damun Mai-Guduma ba. In an fito da baƙar laka, sai ya durƙusa a kanta da tsakar rana yana tono kamar kaza. Ta bakin tafintansa, wani Malam Zayyanu, ya gaya wa magina cewa waken dutse haƙoran kifi ne. Ya ce ƙasar nan duka, daga Wurno har Goronyo har gaba, teku ce a wani zamani da ya wuce lissafi, kuma kifayen da suka rayu a cikinta sun ƙare, haƙoransu ne suka zama dutse. Magina suka ce Allah mai iko, suka yi dariya a ɓoye. Halliru bai yi dariya ba. Ya sha ganin katantanwa a cikin farin dutse inda gulbi bai taɓa kaiwa ba, ya kuma sha tambayar kansa.

Mai-Guduma ya ce duk wanda ya samu ya kawo. Aka dinga kawowa a aljihu da bakin zane, har da laka da tsakuwa. Wata rana tafinta ya gaji da wankewa, ya daka musu tsawa: "Ku riƙa kawowa da tsabta! Bature na, ba jaki ba." Halliru yana wurin, ya ji, ya riƙe.

Abin da ya faru a Kwargaba

A watan Maris na 1933 ana ginar rijiya a gefen wata gonar dawa a Kwargaba, Mai-Guduma ya tafi Sakkwato na kwana goma. Halliru shi kaɗai ne a ƙasan rami, a gaba ta goma, ya sa dagi ya ɓamɓaro wani falalen laka mai faɗin faifai. Da ya juya shi zuwa haske sai ya ga baki. Ba haƙori ɗaya ba, ba biyu ba: baki sukutum, kamar yadda aka halicce shi. A gaba ƙananan haƙora masu tsini, cunkus. Daga nan suna ta faɗaɗa layi bayan layi, har zuwa manyan na baya masu kama da dutsen niƙa. Can gefe kuma wata doguwar ƙaya kamar ta kurungu, amma ta kai tsawon tafin hannu. Ya daɗe a tsugune har na sama suka girgiza igiya.

Ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi. Bai nuna wa kowa ba, domin ya san in magina suka gani kowa zai so ya taɓa, wani ma ya riga shi kai labari. Ya ce musu laka ce ta magani. Da la'asar ya ɗora a ka ya tafi Wurno.

A tsakar gida ya buɗe wa Laraba. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Malam, wanga ai dariya shikai."

Ya ce, "Na Bature na. Amma dubi dauɗa."

Ta ce, "Haba. Ko maƙwabci ba a ba hatsi da tsakuwa, balle baƙo."

A nan suka yi kuskuren, kuma da kyakkyawar niyya suka yi shi. Suka sa falalen a cikin kwatarniya, suka zuba ruwa. Kafin hantsin washegari lakar ta narke kamar fura. Laraba ta tace, ta shanya a faifai, ta zauna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi wa wake: masu tsini a ƙoƙo guda, masu faɗi a ƙoƙo guda, ƙayar daban. Ta goge kowanne da man shanu har suna ɗaukar ido. Ta rufe da sabon faifai. Kwana takwas Halliru yana ɗaga faifan yana dubawa, yana jin ba a taɓa kai wa Bature kyauta irin wannan ba.

Da Mai-Guduma ya dawo ya duba ƙoƙunan, ya yaba, ya ce ta bakin tafinta kifi iri biyu ne masu kyau. Halliru ya ce a'a, guda ne. Ya share rairayi da hannu, ya tsuguna ya jera su daga ka, yadda ya gan su a rami. Kafin ya gama, Baturen ya shiga tanti ya fito da wani littafi. Ya buɗe wani shafi ya ajiye kusa da rairayin. Zanen bakin kifi ne, kuma shi ne. Ya ce kifin teku ne mai ƙaton kai kamar na bijimi, mai ƙaya a gadon baya, wanda ke kama katantanwa da haƙoran gaba ya farfasa da na baya. Irinsa na nan da rai a wata teku mai nisa. Na rami kuwa cikin danginsa ne na farko, waɗanda suka ƙare tun kafin a yi mutum, kuma haƙoransu a warwatse ake samu. Ya ce shi bai taɓa riƙe baki cikakke ba.

Sannan ya tambaya ina dutsen da suke ciki.

Halliru ya ce, "Mun wanke shi, ranka shi daɗe."

Mai-Guduma ya zauna a kan akwati ya rufe fuska da hula. Da ya buɗe baki sai ya ce shi ba ya rubuta abin da mutum ya faɗa, sai abin da dutse ya faɗa, dutsen kuwa an kashe bakinsa. Bai ce Halliru ya yi ƙarya ba. Tafinta ne, wanda ya tuna tsawar da ya yi a kan tsabta ya ji tsoron laifi ya dawo kansa, ya fita ya gaya wa magina cewa Halliru ya leƙa littafin Bature ya haɗa tatsuniya. An sake tone ƙasar rijiyar Kwargaba kwana huɗu, ba a sami komai ba sai haƙora a warwatse. Da damina ta faɗi Mai-Guduma ya tafi da ƙoƙunan biyu, bai sake dawowa ƙasar Wurno ba.

Shekarun zargi

Mutum biyu ne kawai suka ga bakin nan cikakke, ta biyun kuwa matarsa ce, shaidar mace ga mijinta kuma ba ta ɗaga gira a zaure. Labari ya kai Goronyo, Yusha'u ya samu abin wasa, ya kawo shi kasuwar Wurno kamar yadda aka ambata. Shi wasa ya ɗauke shi. Amma shi ne masanin kifi na yankin, in ya ce babu, babu.

Ƙaddara ta ƙara nata. A ranin 1935 Halliru ya kafa dagi a wani ƙauye gabas da Rabah, ya ce gaba goma sha biyu. Aka kai goma sha bakwai ƙasa a bushe. Irin wannan na samun kowane magini sau ɗaya ko sau biyu, a ce Allah bai nufa ba. Shi ba a ce haka ba. Maigarin ya ce, "Ruwan nan na wurin da kihin yake." Daga nan duk wanda ya zuga magana a kasuwa, mai tallar jaki ne ko mai neman aure, sai a ce masa, "Wanga kihin Halliru na." Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna faɗa.

Kira ya ragu, sannan ya ɗauke. Daga 1936 zuwa 1945 ya gina rijiya huɗu kacal, ya koma noman albasa a fadamar Wurno don ciyar da iyali. Bai bar nema ba. Duk rani, in an kwashe albasa, sai ya ɗauki dagi ya bi tuddai da kwazazzabai daga Wurno zuwa Taloka, duk inda ruwa ya zaizaye baƙar laka, yana ɓarewa fale-fale. Ya sami haƙora da ba su ƙirguwa. Ya sami ƙashin bayan wasu halittu da bai san sunansu ba. Bai sake samun baki ba. In magina na yasar tsohuwar rijiya, yakan roƙa a bar shi ya sauka, a bar shi, ana ƙyaftawa juna ido.

Bai taɓa ɗora wa Laraba laifi ba, ita ma ba ta taɓa ɗora masa ba, kuma ba su sake tayar da zancen a tsakaninsu ba. Sai dai daga shekarar nan ta bar tsintar wake, ta bar wa 'ya'yanta mata.

Yusha'u bai daina zuwa ba. A wajen 1948, da ya ga abin ya wuce wasa, ya sami Halliru a lambu ya ce, "Taubashi, ka ce mafarki kay yi. Kowa na mafarki. Ni da kaina in bi kasuwa in ce a bar zancen."

Halliru ya ce, "Ba mafarki ba na."

"To ka ce ka yi kuskure. Rami da duhu."

"Da rana tsaka na."

"Kai dai kanka ya hi marmara tauri."

"Kai ka ce ka yarda mana."

"Ban gani ba, ƙaƙa za ni yarda? Ka san ni. Ko kihin jiya ban taɓa ce ma mai saye na yau na ba."

Haka ne kuwa. Duk Goronyo an san shi da wannan. Shi ya sa maganarsa ta yi nauyi, shi ya sa kuma babu mai iya ɗaga ta sai shi.

Rijiyar Boyekai

A bazarar 1957 rijiyar Boyekai ta rufta, magina biyu suka gwada sabuwa suka kasa. Mata na tafiyar rabin yini neman ruwa, awaki sun fara faɗuwa. Da aka rasa kowa sai aka tuna da Halliru. Yana da shekara hamsin da uku a lokacin. Ya tafi tare da Lawwali, wanda ya riga ya zama magidanci mai riƙe igiya. Ya zaga, ya kafa dagi, ya ce gaba goma sha huɗu. Wani daga bayan taro ya ce, "Da kihi ko babu?" Bai waiwaya ba.

A rana ta ashirin da shida, a gaba ta goma sha uku, ƙasa ta fara gumi. Yana gyara bango sai dagi ya zame a kan wani abu mai santsi, daidai gwiwarsa. Ya share da yatsa. Layin haƙora ne masu faɗi, a jere, suna lanƙwasawa suna shiga cikin bango. Akwai 'yar tsaga a ƙarƙashinsu. Ya cusa yatsu biyu, ya bi layin, ya ji suna ƙanƙancewa, can ciki ya ji tsini.

Wannan karon bai taɓa shi da ruwa ba, bai ɓamɓare ba. Ya san lakar: in ya yanke falalen, bangon zai biyo shi, rijiyar ta rufta, wata guda na gumin gari ya tafi a banza. Ya san kuma in ya fasa ƙasan da ya rage, ruwa zai taso ya rufe wurin. Lawwali ya sauka ya gani, amma abin da ido ke gani masu faɗi ne kawai, kuma shaidar ɗa ga uba ba ta fi ta mata ba. Manoman Boyekai ba su bambanta haƙorin kifi da tsakuwa, ba kuma mai son sauka. Halliru ya aika Goronyo a kira Yusha'u. Aka dawo aka ce ya bi gulbi wajen kamun kifi, sai bayan kwana uku.

Ya roƙi maigari a dakata. Maigari ya ce, "Malam Halliru, girmanka na nika gani. Yini guda. Dubi matanga."

Ya duba. Suna zaune a inuwar gawo da tulunansu, tun da aka ce ƙasa ta yi gumi ba su koma gida ba. Yinin ya wuce, Yusha'u bai zo ba. Washegari da hantsi Halliru ya ɗaura igiya. Lawwali ya ce, "Baba, mu ce dagi ya karye. Kwana biyu na ɗai." Ya ce, "Ga wanda aka ce ma maƙaryaci za ka koya ma ƙarya?" Ya sauka, ya dafa bangon na ɗan lokaci, sannan ya fasa ƙasan. A gaba ta goma sha huɗu ruwa ya ɓalle. Ya tsaya a ciki yana kwashe laka har ya kai masa ƙirji, sannan aka jawo shi. Ya sha guga na farko, ya ce na daɗi na. Mata suka yi guɗa. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ciwon haƙarƙari ya biyo baya.

A rana ta huɗu Yusha'u ya iso, yana da shekara hamsin da bakwai, idonsa na dama ya fara yin yana, gani na raguwa. Ya leƙa ramin ya ce, "Ni ruwa mai hwaɗi nis sani, ba kabari mai ruwa ba." Ya tuɓe riga duk da haka. Aka saukar da shi. Ruwan ya ɗara tsayin mutum a kan wurin, ƙasan kuma duhu. Ya nutse sau uku. A na ukun ya daɗe har Lawwali ya fara jan igiya. Ya fito yatsansa na tsakiya na zubar da jini.

Ya shiga bukkar da Halliru ke kwance, ya zauna a bakin tabarma.

"Bawana, ka taɓa?" in ji Halliru.

"Na taɓa. Masu hwaɗi, jere, awa wada kac ce."

"Ciki hwa?"

"Nis sa hannu ciki, wani abu yas soke ni." Ya nuna yatsan.

"Haƙori na?"

Yusha'u ya dubi yatsan. Ya ce, "Ban sani ba, taubashi. Dutse ma na suka. Ban gani ba."

Halliru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Shekara ashirin da ukku kana ce min maƙaryaci. Kai ƙarya guda ta gagare ka."

"In nic ce i yanzu, kai za ka hwara ganewa."

"Hakanan na," in ji Halliru. Ya juya fuska ga zana.

Rasuwa

An ɗauko shi a kan jaki zuwa Goronyo, daga nan Yusha'u ya sa shi a jirgi ya tuƙo shi da kansa har mashigar Wurno. Ya yi jinyar kwana shida a ɗakinsa. Allah ya karɓi ransa ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Mayu na shekara ta 1957, yana da shekara hamsin da uku. An yi masa sutura, limamin unguwa ya sallace shi bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar yamma da gari kusa da mahaifinsa. Mutanen Boyekai sun zo da yawa, da ƙafa. Ya gina rijiya talatin da ɗaya a rayuwarsa, guda ce ta ƙi ruwa. Ta Boyekai ba ta taɓa ƙafewa ba, saboda haka ba wanda ya sake ganin bangonta na ƙasa.

Ya rasu ya bar matarsa Laraba da 'ya'ya biyar: Lawwali, maginin rijiya; Adama, da ke aure a Rabah; Sale, manomin albasa a fadamar Wurno; Asabe, da ke aure a Taloka; da autarsu Mairo. Ya bar jikoki tara. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya shayar ya zame masa sanyi a makwancinsa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Yusha'u ya miƙe a ƙofar gida gaban mutanen Wurno da na Goronyo da na Boyekai. Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Ni nif fara ce ma Halliru maƙaryaci, ni ka janyewa. Kihin Kwargaba gaskiya na. Na shiga rijiyab Boyekai, na tabbata. Wanda yas sake hwaɗin kihin Halliru, ni da shi." Aka yi kabbara. Tsofaffin da suka yi dariya a rumfar kifi suka sunkuyar da kai.

Daga nan ya shiga cikin gida yi wa ƙanwarsa gaisuwa. Laraba na zaune a kan tabarmar takaba, mata kewaye da ita. Ta ji abin da ya faɗa ta bayan katanga, ta kuma ji daga Lawwali abin da ya faɗa a bukkar Boyekai. Ya tsuguna ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ta dubi yatsansa da ke ɗaure da tsumma, sannan ta ɗaga kai.

"Yaya," ta ce, "don ka tabbata kac ce, ko don ya mutu?"